Birki Mai Burodi da Shekarar Gwajinsa

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Laraba, biyu ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maigidana kuma abokina, mai gidan burodin da ke ƙarshen layinmu, wanda babba da yaro suka sani da Birki. Ya rasu a ɗakinsa yana da shekara saba'in da tara. Ya karya kumallo, ya tambayi mai ɗakinsa ko an ciyar da uwar kwaɓi, aka ce an ciyar, ya ce to madalla, ya jingina da filo. Shi ke nan. Ni ina bakin tanderu a lokacin, da burodi sittin a ciki. Da aka zo aka faɗa mini, sai da na jira suka nuna, na fitar da su, na wanke hannu, sannan na shiga cikin gida. Wasu sun ga laifina. Amma kai ka san ni, Birki, ni ma na san ka: da na bar su sun ƙone, kai ne farkon wanda zai ɓata rai.

Ban yi makaranta ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. 'Yata ta fari ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Shekara hamsin da ɗaya ina hura wutar tanderunka. Kai ka sa mini suna Kafiya, har jikokina ma da shi suke kirana. Duk abin da ya faru a gidan nan yana cikin kaina da ranarsa, kuma kai kanka idan gardama ta tashi cewa kake yi a kira Kafiya. To ga Kafiya, an kira shi ko ba a kira shi ba.

Mutane sun zo gaisuwa da jajayen idanu, ni kuwa da na buɗe baki zan ba da labarinka sai a kama dariya. Ban ga aibun hakan ba. Ka yi tsawon rai, ka ci abincinka da guminka, ka bar gida a tsaye. Kukan ma da na yi, rabinsa godiya ce.

Bari in fara da uwar kwaɓi, don wanda bai san sana'ar ba. Kullum idan an gama kwaɓa fulawa, kafin a yanka a zuba a gwangwani, ana gutsurar kamar dunƙulen hannu a ajiye a wata tsohuwar roba mai murfi, a ƙara mata fulawa da ruwa. Wannan shi ne ciyarwa. Gobe ita za ta tayar da sabon kwaɓi, a sake gutsura a mayar. Mahaifinka ne ya fara ta, tun kafin a haife ka, kuma ba ta taɓa yankewa ba ko na kwana ɗaya. Kakan ce duk wanda ya ci burodinmu yau da safe ya ci ɗan wani abu daga hannun mutumin da ya yi shekara hamsin a ƙasa. Kakan kuma ce gidan nan ajiya ce: wanda ya tafi ya ba ka, wanda ba a haifa ba yana jiran ya karɓa, kai ɗan tsakiya ne kawai mai riƙo.

Amma kada mai karatu ya ɗauka da wannan hankalin aka haife ka. Ni na san ka kana da zafin kai. Wata uku bayan rasuwar mahaifinka, kana ɗan shekara ashirin da tara, ka zagaya bayan tanderu ka ga wata 'yar kafa da ba ta fi tafin hannu ba. Ka ce nan ne zafi yake gudu, itace yake ƙarewa a banza. Ka sa aka kwaɓa ƙasa, da hannunka ka toshe ta, kana murna ka gano abin da tsoho bai gano ba. Mako uku muka yi muna fitar da burodi gefe ɗaya gawayi, gefe ɗaya ɗanye. Hayaƙi ya cika ɗakin har mai shagon ɗinki na kusa ya zo da bokitin ruwa. Ka zargi itace, ka zargi fulawa, ka zarge ni. Sai na tuna kullum da safe tsoho yakan zagaya ya sa bayan hannunsa a daidai wurin, ya ɗan tsaya, sannan ya ce a ƙara itace ko a rage. Bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba, wataƙila shi ma a hannunsa sanin yake, ba a bakinsa ba. Na faɗa maka. Ka ɗauki guduma ka fasa abin da ka toshe, ka zauna a kan buhun fulawa. Can ka ce, “Ashe tsoho bai mutu da wayonsa duka ba, ya bar saura a jikin bango.”

Daga ranar aka samu dokar gidan nan, wadda kowa a layi ya sani da shekarar gwaji. Duk sabon abu marhabin da shi, amma zai yi aiki kafaɗa da kafaɗa da tsohon har shekara guda cur, ya ga zafi, ya ga ruwa, ya ga sanyi. Ba a taɓa tsohon sai shekarar ta cika. Ranar da ta cika, a zauna a yanke hukunci, wanda ya fi ya zauna. Injin kwaɓi ya ci gwajinsa, kuma kafaɗuna har yau suna yi masa addu'a. Wata fulawa da aka yi ta talla ta yi wata bakwai tana ba mu mamaki, ruwa na sauka ta fara dunƙulewa tana wari, ta koma inda ta fito. Hatta sabon sikeli sai da ya yi shekara kusa da na mahaifinka, ana awo sau biyu, ma'aikata suna ƙunƙuni.

Da wannan halin ka shiga siyasa. Mutanen layi ne suka matsa maka ka tsaya kansila, ka yi zango biyu a majalisar gari. A can ka samo sunanka. An kawo wani gagarumin shiri na rushe dukan ƙananan shagunan layinmu a mayar da kowa wani dogon bene a bakin babban titi. An zana shi a takarda, da itatuwa kore shar da mutane suna murmushi. Kowa ya ɗaga hannu sai kai. Ka ce a nemi mutum goma da suka yarda da kansu, su koma can su yi shekara, shagunansu na nan a rufe ba a taɓa ba, sannan a ji daga bakinsu. Shugaban majalisa ya ce kai birki ne a motar ci gaba. Ka ce ka gode, ka tambaye shi ko zai yarda ya sa iyalinsa a motar da ba ta da shi. Ka dawo kana ba mu labari kana dariya har da tari, washegari kuwa duk layi Birki ake kiranka.

Aka yi yadda ka ce, don ka ƙi gajiya. A cikin goman nan, mai gyaran waya da masu kayan sawa biyu suka ji daɗin bene suka zauna abinsu. Bakwai suka dawo, har da mai gyaran takalmi da ya ce tsofaffin da ke kawo masa aiki ba sa iya hawa matakala arba'in. Da an rushe, ina za su dawo? Yau bene yana nan cike da masu son sa, layi yana nan da nasa.

Matasa sukan zo benci a ƙofar gidan burodi da la'asar su tsokane ka, su ce kai ɗan ra'ayin riƙau ne, ɗan mazan jiya. Ba ka taɓa musu ba. Kakan yanka musu burodi mai zafi ka ce, “Na yarda. Amma ku ci ku faɗa mini, na jiya ne ko na yau?” Sannan ka yi musu bayani a hankali. Ka ce kai ba ka tsoron sabon abu, abin da kake tsoro shi ne mutumin da ya tabbata ya san komai, kuma aka ba shi guduma. Ka ce gini yana cin shekaru, rushewa kuwa kafin azahar an gama. Ka ce ɗan Adam ajizi ne, har da kai, shi ya sa ba ka so a tara iko da yawa a hannu ɗaya, ko da hannun na abokinka ne. Ka ce abin da iyali za su iya yi, a bar wa iyali, abin da maƙwabta za su iya yi, a bar wa maƙwabta, hukuma ta ji da abin da ya fi ƙarfinsu, kuma ta yi shi da kyau. Ni ban san sunayen waɗannan abubuwa a littafi ba. Na dai gan su da ido. Lokacin da shagon ɗinki ya ƙone, kai ka bi ƙofa ƙofa, wannan ya kawo katako, wancan ya kawo kwano, kafinta ya ba da kwana uku. Ranar da kwamitin majalisa ya zo duba ɓarna, tela yana kan keke yana ɗinki, har ya auna wa ɗayansu wando.

Doka kuwa ba ka san ɗan uwa a gabanta ba. Ɗan ƙanwarka ya fito da rumfar shagonsa ta cinye hanyar masu tafiya a ƙasa. Aka kawo maganar, kowa ya zuba ido ya ga yadda za ka yi. Kai ka fara ɗaga hannu a cire. Ƙanwarka ta yi wata biyu ba ta gaishe ka ba, kai kuwa kullum sai ka aika mata burodinta, har ta gaji ta sauko. Kuma ba kullum kake da gaskiya ba, kada a ce Kafiya ya zo yabo ya bar gaskiya a gida. Ka yi adawa da mayar da titinmu hanya ɗaya, ka ce zai kashe kasuwa. Aka yi gwaji, shekara ta cika, haɗari ya ragu, kasuwa ba ta mutu ba. Ka miƙe a gaban majalisa ka ce ka yi kuskure, a rubuta da sunanka. Da ka nemi zango na uku ka faɗi zaɓe, wata malamar makaranta mai ra'ayin kawo sauyi ta kayar da kai, da safe ka ɗauki makullin ofis da burodi biyu ka kai mata har gida. Na ce maka ai ba dole ba ne. Ka ce kujerar ba taka ba ce, ba tata ba ce, kuma dole wanda zai sauka ya sauka da kyau don na gaba ya koya. Jiya ta zo gaisuwa, ta ce a duk shekarunta na majalisa ba ta samu abokin hamayya mai daɗin faɗa irinka ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na matsa a rubuta wannan takarda.

'Yarka, wadda tun tana rarrafe kake kiranta Manaja, ta yi karatunta ta dawo ta karɓi ragamar gida. Bara ta kawo obin, wato tanderun lantarki, dogo, mai ƙyalli, da ƙofar gilashi da 'yan fitilu. Aka kafa shi a ɗaya gefen ɗakin, yana kallon tanderuna. Aka kunna shi ranar ashirin da takwas ga Afrilu, ka ce shekarar gwaji ta fara. Ni kuwa na ɗaura yaƙi. Ban taɓa taɓa shi ba, ko inuwarsa ba na son takawa. Na sa masa suna Baƙo. Duk ranar da aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, sai in yi ta waƙa ina zura itace. Manaja takan ce, “Baba Kafiya, Baƙo yana gaishe ka.” In ce, “Ki ce masa mai gida yana aiki.” Kai kuma kana kan kujerarka tsakanin su biyun, kullum a kawo maka yanka ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ba a faɗa maka wanne ne wanne ba, ka tauna, ka bar hukunci sai shekara ta cika.

Kowa ya san abin da hukuncin yake nufi gare ni. Idan Baƙo ya ci, za a kashe wutar tanderu, kuma mai hura wuta ba shi da sauran aiki a gidan da babu wuta.

Kwana goma kafin rasuwarka, bayan la'asar, ka kira ni benci, mu biyu kawai. Ka ce jikinka yana gaya maka ba lallai ka kai ranar ba. Na ce ka daina wannan magana. Ka ce, “Kafiya, yi shiru ka ji, yau ɗaya dai.” Ka ce wata goma sha ɗaya kana taunawa, kuma ka kasa bambance su, muddin uwar kwaɓi ce ta tayar da su. Ka ce ka lura ma'aikatan da ke gefen Baƙo ba sa tari, ni kuwa tarina kana jin sa daga ɗaki. Ka ce abin da aka ba ka ajiya burodi ne da mutanen da ke yin sa, bulon tanderu kuwa bawa ne. Baƙo ya ci. Ka ce idan ba ka kai ba, ni zan faɗa. Na ce me ya sa ba za ka sa a rubuta ba, ko ka gaya wa Manaja? Ka ce, “Shekara hamsin a kanka nake ajiya, ban taɓa nema na rasa ba.” Na ce wannan mugunta ce. Ka yi dariya ka ce ka sani.

Ka tafi, babu wanda ya ji wannan magana sai ni da Allah. Mako guda na yi da ita a ciki. Ba zan ɓoye ba, Shaiɗan ya zauna kusa da ni a bakin tanderu, har ya taya ni zura itace. Da na ce Birki ya ce a bar tanderu, babu mai musa mini, don duk layi an san Kafiya ba ya mantuwa kuma ba ya ƙari. Ko in yi shiru kawai, Manaja ba za ta iya kashe wutar mahaifinta da hannunta ba, na ga hakan a idonta. Amma duk safiya idan na zagaya na sa bayan hannuna a 'yar kafar nan, sai in ji kamar kana tsaye a bayana kana jira.

Ranar Laraba da ta zagayo, da hantsi, na sami Manaja tana ciyar da uwar kwaɓi. Ita take yi tun ranar da ka kwanta, ba wanda ya sa ta. Mahaifiyarta tana zaune a kujerarka. Na tsaya na faɗi maganarka duka, yadda ka faɗe ta, ban rage ko tarin ba. Na ce yau ma idan ta so sai in janye itacen.

Ta rufe robar, ta goge hannu, ta dube ni.

“Baba, yau nawa ga wata?”

“Tara.”

“Yaushe aka kunna Baƙo?”

“Ashirin da takwas. Kin fi ni sani.”

“To saura kwana goma sha tara. Ba a yanke hukunci sai shekara ta cika.”

Na ce, “Uwata, ai mai dokar ne da kansa ya yanke.”

Ta ce, “Ya yi gaggawa. Dokar gida ce, ba tasa ba. Koma bakin wutarka.”

Mahaifiyarta ta kama dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce shekara hamsin tana jiran ranar da wani zai taka wa Birki birki, ashe a cikinta ta ɗauko shi. Ni ma na yi dariya, irin wadda ban yi ba tun da ka tafi. Birki, da ka ga fuskarta. Taka ce sak, ranar da ka ɗaga hannu a kan rumfar ɗan ƙanwarka.

Don haka wuta tana ci har yanzu. Kullum ana kawo yanka biyu, Manaja da mahaifiyarta suna taunawa. Na san yadda hukuncin zai kasance, don ni ma na saci yanka ɗaya daga Baƙo na ɗanɗana a bayan ƙofa, kuma ba zan ce komai a kai ba. Ranar ashirin da takwas ni zan janye itacen ƙarshe da hannuna, ba na so wani ya yi mini. Manaja ta ce ba za a rushe tanderun ba sai an ga shekara guda babu shi, kuma daga ranar robar uwar kwaɓi tana hannuna, tare da koya wa duk ma'aikacin gidan abin da ke cikin kaina, har da labarin kafar da ka toshe. Na ce zan yi tunani. Ta ce in yi, tana ba ni shekara guda ta gwaji.

Allah Ya jiƙanka, Birki. Ya gafarta maka kurakuranka, wanda ka miƙe ka amsa da waɗanda ba ka sani ba. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sanya duk cikin da ya ƙoshi da burodinka ya zama shaida a gare ka. Ya sada ka da mahaifinka cikin rahama, ka gaya masa ajiyarsa tana nan da rai, an ciyar da ita yau da safe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi haƙuri da mu biyu fiye da yadda muka cancanta, da Manaja da ƙannenta, da ƙanwarka da 'ya'yanta, da jikoki, da ma'aikatan gidan burodi, da dukan mutanen layi, har da waɗanda suka yi ta kayar da kai a gardama da waɗanda ka kayar. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya ba 'yarka ikon riƙe abin da ka bari da gyara abin da ya kamata a gyara, a kan lokacinsa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, mu miƙa abin da aka ba mu riƙo ba tare da ya lalace a hannunmu ba. Amin.